Wace agwagwa ce wannan mai faffaɗan baki?

Mai Kyamara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga hoto nan na ɗauka yau da safe a wani kududdufi gefen fadamar Baturiya. Hazo ya yi yawa, tsuntsayen kuma suna nesa, sai a yi haƙuri da hoton. Waɗanda ke tsaitsaye a bakin ruwa kirinjijiya ne, wannan babu gardama. Tambayata a kan biyun nan da ke cikin ruwa ta hannun hagu. Duk ruwan ƙasa ne masu roɗi-roɗi, kai a sunkuye, baki cikin ruwa, suna tafe ba sa ɗagowa. Da ɗaya ta ɗago sai na ga bakin ya fi ƙarfin kan. Wace iri ce?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Anya ba agwagin mutane ba ne suka sulale zuwa ruwa? Nawa ma haka suke yi min da damina.

Mai Kyamara: A'a Hajiya, babu gida kusa, kuma waɗannan ba su kai rabin agwagwar gida ba.

Bakano a Ingila: Wannan ai malad ce, agwagwar dajin nan da ta cika Turai, mace. Kullum ina wuce su a tafkin lambun da ke kusa da gidana, har burodi yara ke jefa musu. Ruwan ƙasa, roɗi-roɗi, ƙafa ruwan lemo. Na saka hoton a manhajar gane tsuntsaye, ita ma malad ta fara kawo min. An gama.

Badamagare: Bakano ke nan, ko a Turai sai ya yi saurin rufe ciniki. Tun ba a taya ba ka ce an gama?

Bakano a Ingila: Kai dai Badamagare ka tsaya kan raƙumanku, ka bar mana zancen ruwa.

Badamagare: Tabkin Gidimuni yana nan kusa da mu, tsuntsayen ruwa na sauka cikinai kowane hunturu. Ni dai abin da na sani, baƙuwar agwagwa da ta fi yawa a wanga lokaci ita ce ƙaramar nan mai farar gira. In aka ga ƙaramar agwagwa ruwan ƙasa a watan Nuwamba, sai a fara zargin ita kahin a tahi neman wata.

Ɗalibar Jos: Barkanmu da war haka. Na buɗe hoton na ƙara girmansa iya yadda zai yiwu. Yaya Bakano, da girmamawa, ba malad ba ce. Malam Badamagare, tunaninka a kan hanya yake, amma ba mai farar gira ba ce ita ma. Wannan mai bakin shebur ce, wadda masana ke kira Spatula clypeata.

Ku bar launi tukuna, ku dubi ta gaban. Bakinta ya fi kanta tsawo, kuma daga gindinsa yana tafiya yana ƙara faɗi har ƙarshe. A duk agwagin da ke sauka a yankinmu babu mai irin wannan baki sai ita. Tsawon bakin yakan kai santimita 6 zuwa 7, ga shi tsuntsuwar gaba ɗaya ba ta wuce santimita 44 zuwa 52. Sannan ku dubi yadda goshi ya gangaro ya haɗe da baki babu wani tudu a tsakani. Ku dubi zamanta a ruwa kuma: gaba ya nutse, wuya gajere, baya ya ɗan ɗaga. Nauyin bakin nan kamar yana jan ta gaba. Malad ba ta zama haka, ƙirjinta a sama yake, bakinta kuma daidai kanta.

Abin da Mai Kyamara ya faɗa game da tafiya da baki cikin ruwa shi ya ƙarasa min zancen. Haka take kiwo.

Bakano a Ingila: Ƙanwata, na san mai bakin shebur sarai, akwai su a nan da sanyi. Toron kansa kore ne shar, ƙirji fari fat, kwiɓi ja. Ina koren kai a hoton nan? In kuma kin ce duka biyun mata ne, to macenta da macen malad ai sai an kama a hannu.

Ɗalibar Jos: Ba sai an kama ba Yaya. Kuma ban ce duka mata ba ne. Ta bayan toro ne a ganina.

Ga abin da ke rikita mutane. Hoton da ake sakawa a littattafai na toro ne cikin adon neman mata: kai kore mai duhu, ido ruwan ɗorawa, baki baƙi ƙirin, ƙirji fari, kwiɓi da ciki ruwan makuba, gindin wutsiya baƙi da farin tabo a gabansa. Amma ba haka yake ba duk shekara. Bayan sun gama hayayyafa a can arewa, toron yakan zubar da gashin adon, ya sake wani ruwan ƙasa irin na mace. Mai bakin shebur kuma tana cikin agwagin da ke jinkirin komawa ado. Da yawa sukan iso mana a Oktoba da Nuwamba ba su gama sakewa ba, wasu sai Disamba, wasu har Fabrairu ba su kammala ba. Saboda haka wanda ya fita fadama yanzu yana neman koren kai zai wuce su bai sani ba.

Dubi ta bayan da kyau. Kan ya fi na ta gaban duhu. Kwiɓin ya fara yin ja-ja. Akwai wani ɗan haske a gaban ido, tsakaninsa da gindin baki, wanda toron ke yi a wannan tsakanin. Idon ma ina ganin haske a cikinsa. Idon mace ruwan ƙasa ne, na toro ruwan ɗorawa ko ya sake gashi ko bai sake ba.

Mai Kyamara: Wallahi yanzu da kika faɗa na koma kan sauran hotunan da na ɗauka, akwai wanda idon ya fito rawaya tar. Bari in turo.

Malamar Bayoloji: Ni tambayata ga Yaya Bakano ita ce, malad nawa aka taɓa gani a fadamar Haɗeja da Nguru? Ita tsuntsuwar ba ta cika ƙetaro Sahara ba, mafi yawansu a Turai da bakin Bahar Rum suke cin sanyinsu. Manhaja kuwa abin da aka fi cusa mata take fara kawowa, hotunan malad sun cika duniya. In ba ka gaya mata inda aka ɗauki hoton da watan da aka ɗauka ba, za ta amsa maka kamar kana tsaye a lambun Landan.

Bakano a Ingila: Malama, ba a cika gani ba daban, ba a taɓa gani ba daban. Tsuntsu ai ba ya neman biza.

Malamar Bayoloji: Haka ne, amma wanda ya zo da baƙon labari shi ke kawo hujja. Ga ma sauƙi ko a wurinku: toron malad ƙirjinsa ne ruwan makuba, kwiɓinsa ruwan toka, bakinsa rawaya, da farin zobe a wuya. Toron mai bakin shebur ya juya abin, ƙirji fari, kwiɓi ruwan makuba, baki baƙi, babu zobe. Koren kai kaɗai suka haɗa. Madubin fiffike, wato tabon nan mai sheƙi a kan fiffike, shi ma ya bambanta, na malad shuɗi ne mai ratsin fari sama da ƙasa, na mai bakin shebur kore, kafaɗar fiffiken kuma shuɗi-shuɗi mai haske. Malad takan haura kilo ɗaya, wannan kuwa wajen giram 600 ce.

Baba Masunci: Salamu alaikum. Yarona ne ke rubuta min. Ni ban san sunayen boko ba, amma tun ina yaro nake kan ruwan nan na Nguru. Wannan da kuke gardama a kai mun san ta. Ba ta zuwa da yawa kamar sauran, za ka ga uku, za ka ga goma, a gefen babban garke. Ba ta son ruwa mai zurfi, ba ta son mai gudu. Inda ruwa ya kwanta ya yi laka, ya fara ja baya, can za ka same ta. Wani lokaci sai su haɗu su yi ta zagaya wuri ɗaya, kan wannan a gindin wancan, suna juyawa suna juyawa. Yara kan ce hauka suke yi. Ba hauka ba ne, abinci suke tasowa daga ƙasa.

Ɗalibar Jos: Allah ya ƙara girma Baba. Abin da kuka faɗa shi ne a rubuce a littattafan da muke karantawa, sai dai ku da ido kuka gani. Zagayen nan yana sa ruwa ya yi juyi, ƙananan halittun da ke ƙasa su taso sama, su kuma su tace.

Ga masu son sanin yadda bakin ke aiki: a gefe da gefensa, sama da ƙasa, akwai wasu siraran tsinkaye jere reras, wajen 110, suna shiga tsakanin juna in ta rufe baki. Tana zuƙo ruwa ta ƙarshen bakin, harshe ya turo shi ya fita ta gefe, tsinkayen su tare abin da ke ciki, kamar dai yadda rariya ke tare tsaki. Abin da take samu ƙanana ne ƙwarai: ƙwarin ruwa da 'ya'yansu, mitsi-mitsin katantanwa, ƙananan halittun da ido da ƙyar yake gani, da tsabar ciyayi. Sauran agwagi ma suna da tsinkayen, amma nata sun fi tsawo da sirantaka da yawa. Shi ya sa ba ta cika kifa kai ta ɗaga gindi sama ba yadda agwagwar nan mai tsinin wutsiya ke yi. Abincinta a saman ruwa yake.

Wani abin sha'awa, 'ya'yanta in an ƙyanƙyashe su bakinsu irin na kowace agwagwa ne. Sai suna girma yake buɗewa.

Uwar Biyu: Ikon Allah. To ni da na ji ana faffaɗan baki sai hankalina ya tafi kan wani farin tsuntsu dogo da na taɓa gani a hanyar Gashuwa, bakinsa da faɗi a ƙarshe.

Malamar Bayoloji: Wancan daban ne Hajiya, ba agwagwa ba ne sam. Dangin jinjimi ne, fari tas, dogayen ƙafafu ja, fuska ja, yana tafiya cikin ruwa yana kaɗa baki dama da hagu. Shi takawa yake yi, wannan iyo take yi.

Badamagare: To madalla, na ji bayanin baki. Amma 'yar'uwa, a hwaɗa mana gaskiya: daga nesa, cikin hazo, garke ya kai ɗaruruwa, wa ke ganin baki? Mu da ba mu da babbar kyamara, yaya za mu raba ta da mai farar gira?

Ɗalibar Jos: Tambaya mai kyau, domin ita ce ainihin wadda ake rikita su a nan, ba malad ba. Dangi ne na kusa ma. Da can duka ana lissafa su cikin rukunin agwagi da ake kira Anas, tun daga masanin nan Linnaeus da ya raɗa wa mai bakin shebur suna a 1758, daga baya binciken ƙwayoyin halitta ya sa aka ware su tare cikin rukunin Spatula. Dukansu suna da shuɗi-shuɗin nan a kafaɗar fiffike, dukansu torayensu kan daɗe da gashi ruwan ƙasa.

Mai farar gira ƙarama ce, santimita 37 zuwa 41, in suna tare za ka ga mai bakin shebur ta fi ta tsawo da kauri a fili. Fuska ita ce babban bambanci. Macen mai farar gira fuskarta zane-zane ce: baƙin layi ya ratsa ido, haske a samansa, wani haske a gindin baki, maƙogwaro fari. Macen mai bakin shebur fuskarta a shafe take, babu wani zanen kirki. Bakin mai farar gira ruwan toka ne, miƙaƙƙe, na macen mai bakin shebur kuwa gefensa ruwan lemo. In sun fito kan tudu, ƙafar mai farar gira ruwan toka, ta mai bakin shebur ruwan lemo mai haske. A yankinmu in ka ga agwagwar daji ruwan ƙasa da ƙafa ruwan lemo, ka tsaya ka sake duban bakin.

In sun tashi kuma, ka dubi ciki. Macen mai farar gira cikinta fari-fari ne. Macen mai bakin shebur cikinta duhu ne, ƙarƙashin fiffike kuma fari, sai abin ya fito sosai. Saboda tsawon kai da baki, sai ka ga kamar an dasa mata fukafukan can baya.

Daga Fabrairu zuwa Maris abin ya zama wasan yara, don toron mai farar gira ya fito da farin layin nan mai faɗi daga saman ido ya lanƙwasa har ƙeya.

Baba Masunci: Akwai kuma kunne. In toron nan mai faɗin baki ya tashi daga ruwa fukafukinsa na yin wata ƙara, fur-fur-fur mai kauri, ta bambanta da ta sauran. Kirinjijiya kuwa ko da dare ta wuce saman gida ka san ita ce, fito uku take yi.

Mai Kyamara: Baba, na ji wannan ƙarar da suka tashi, ban ɗauka alama ce ba. Ga hoto na biyu nan na tura, da na uku inda suke sama.

Malamar Bayoloji: To ai magana ta ƙare. Ga shuɗin kafaɗa, ga koren madubi, ga rawayan ido. Yaya Bakano, me manhaja ta ce yanzu?

Bakano a Ingila: Da aka kawo hoton kirki ai ita ma ta canja baki. Amma har yanzu ina kan bakana cewa hoton farko bai isa a yanke hukunci da shi ba. Ƙanwata ta yi sa'a ne.

Ɗalibar Jos: Ba sa'a ba ce Yaya. Hoton farko launi ne babu a cikinsa, siffa tana nan. Hazo yana cin launi, koren kai ya koma baƙi, ruwan makuba ya koma toka-toka, amma ba ya rage tsawon baki, ba ya canja yadda tsuntsu ke zama a ruwa. Masu ƙidayar tsuntsaye da yawa da inuwar tsuntsu kawai suke aiki in rana tana gabansu.

Maharbi: Ina ta karatu ban tanka ba. Ni na riƙe ta a hannu ba sau ɗaya ba, don haka zancen tsinkayen baki gaskiya ne, in ka buɗe bakin za ka gan su. Amma in faɗa muku, ba mai ɓata harsashi a kanta da gangan. Namanta kaɗan, ga ƙarni. Abin da take tacewa cikin laka shi ke fitowa a naman. Maharbi dinya yake nema, wadda toronta kan haura kilo 5, ko mai ƙullutu a baki. In ba su samu ba, kirinjijiya.

Abin da nake so in gyara shi ne batun farin ƙirji. Kun ce toron mai bakin shebur ƙirjinsa fari. To ai mai tsinin wutsiya ma ƙirjinsa fari ne, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Sabon shiga zai iya hango farin ƙirji cikin garke ya ce ya gani.

Ɗalibar Jos: Gaskiyarka Malam. Mai tsinin wutsiya dogo ne siriri, wuya zalau, kai ruwan ƙasa mai duhu, farin ƙirjin kuma yana hawa gefen wuya kamar an ja layi har bayan kunne. Kwiɓinsa ruwan toka. Na mai bakin shebur farin a ƙirji ya tsaya, ja ya biyo baya, sai wani farin kuma, sai baƙi. Daga nesa za ka ga duhu, fari, ja, fari, baƙi, a jere daga kai zuwa wutsiya. Macen mai tsinin wutsiya ma ruwan ƙasa ce, amma wuyanta dogo, bakinta siriri ruwan toka, wutsiya mai tsini. Ita da macen mai bakin shebur kishiyoyin juna ne a siffa, ɗaya duk tsawonta a wuya da wutsiya, ɗaya duk a baki.

Malamar Bayoloji: Malam Maharbi, tun da ka fito, bari in yi maka tawa. Kun ce ba ku harbin ta da gangan, amma bindigar toka ba ta zaɓe. A saki wuta cikin garke, abin da ya faɗo ya faɗo. Tsuntsuwar nan daga arewacin Turai da Rasha ta taso, ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, ta zo ta mutu a banza, a ƙi ma cin naman.

Maharbi: Malama, kakanninmu sun yi harbi a fadamar nan tsuntsu bai ƙare ba. Ki tambayi Baba abin da ya rage tsuntsu. Ruwa ne ya ragu, ciyawar kacala ta cinye sauran.

Baba Masunci: Duk ku biyun kuna da gaskiya, amma ta ruwa ta fi nauyi. Kafin a yi madatsar Tiga ambaliya kan shafe ko'ina, daga baya aka ƙara ta Challawa. Yanzu inda ake so ruwa ya je ya janye ba ya zuwa, inda kuma ya je sai ya zauna shekara ba ya tafiya, kacala ta fito ta toshe hanya. Cikin kacala babu kifin kirki, babu shinkafa, sai jan-baki da ke kwana ciki su fito su cinye gero. Agwagwar nan fili take so, ruwa iya gwiwa ko ƙasa da haka. In kacala ta rufe, ina za ta sa bakin?

Malamar Bayoloji: An gama Tiga a 1974, Challawa a 1992. Ban musa ba Baba. Amma don ruwa ya rage su ba hujja ba ce a ƙara da harsashi. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wurin farko da Najeriya ta sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu da tafkuna a shekarar 2000, Baturiya da Dagona suka biyo a 2008. Dagona ma cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi take. Waɗannan wuraren dai ya kamata a bar wa tsuntsu.

Maharbi: Ni ban taɓa shiga Dagona da bindiga ba, kuma ba zan shiga ba. Takarda dai ba ta sare kacala.

Mai Zaure: Jama'a, a dawo kan agwagwa. Zancen harbi da madatsun ruwa a buɗe masa nasa zaren, yana da muhimmanci, amma kada ya binne wannan.

Uwar Biyu: Ni abin da ya tsaya min, wai da gaske daga Rasha? Ƙaramar aba haka? Ba a nan cikin ciyawa suke ƙwai ba mu ne ba mu gani?

Baba Masunci: Hajiya, kirinjijiya na sha ganin ta da 'ya'ya da damina. Dinya ma haka. Wannan kuwa ban taɓa ganin ƙwanta ko ɗanta ba, babu kuma wanda ya taɓa ce min ya gani. Da kaka take zuwa, zafi na fara shigowa ta ɓace.

Ɗalibar Jos: Shaidar Baba ta isa, ga kuma ta zobe. Masu bincike kan kama tsuntsaye su sa musu zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa su sake su. Ta haka aka gano agwagin da ke cin hunturu a Afirka ta Yamma suna komawa Turai da Rasha su yi sheƙa. Mai bakin shebur a ƙasa take sheƙarta cikin ciyawa kusa da ruwa, ƙwai wajen 8 zuwa 12. Tana hayayyafa a Arewacin Amurka ma, waɗancan su gangara Meziko da kewaye, na Asiya su gangara Indiya da makwabtanta. Namu su ne ke rarrabuwa tsakanin bakin kogin Senegal, fadamar kogin Kwara ta cikin Mali, da yankin Tafkin Chadi, wanda fadamarmu ke ciki. Malam Maharbi, in kai ko abokanka kun taɓa cin karo da zobe a ƙafar tsuntsu, don Allah kada a yar. A ɗauki hoton lambar da rubutun a turo, da sunan wurin da ranar.

Maharbi: Akwai wanda na sani yana da guda biyu a rataye a jakarsa. Zan tambaye shi.

Badamagare: Sauran tambaya guda. Akwai wata 'yar mitsitsiya da nike gani cikin bado, ita ma da kore a kai, kwiɓi ja. Da na ji ana kore da ja sai na ce ko ɗiyar wagga ce.

Ɗalibar Jos: A'a, wannan 'yar gida ce, ba baƙuwa ba, Nettapus auritus. Tsawonta wajen santimita 30 kacal, tana cikin mafi ƙanƙantar agwagin duniya. Toron fuskarsa fara, koren a gefen kai yake kamar an manna, bakin kuma guntu ne rawaya. Tsabar bado take ci, shi ya sa ba ta rabuwa da shi. Launi ya so ya yi kama, baki kuwa ko kusa. Akwai kuma wata ƙarama a yankin Tafkin Chadi mai shuɗin baki da baƙar hula, ita ma cikin Spatula take, amma bakinta bai buɗe ba.

Masu bakin shebur na gaskiya iri 4 ne a duniya. Ɗaya a kudancin Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostareliya da New Zealand, sai tamu ta arewa. A Najeriya da Nijar in ka ga bakin nan ba ka da wata da za ka yi zargi.

Bakano a Ingila: To Badamagare, ka ji, kai ma 'yar cikin bado ka mayar ɗiyar wata.

Badamagare: Ni tambaya na yi, kai hukunci ka yanke. Akwai bambanci tsakanin ɗalibi da alƙalin kasuwar Kurmi.

Mai Zaure: Mai Kyamara, ka shigar da ganin nan a manhajar adana bayanan tsuntsaye, eBird ko BirdLasser, da hotunan uku, ka rubuta mace ɗaya, toro ɗaya da bai gama sake gashi ba. Masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya suna buƙatar bayanai daga Jigawa da Yobe. Sannan ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu ake yin ta kowace shekara, mai son fita da mu ya yi magana da wuri saboda kwalekwale.

Mai Kyamara: Zan shigar yau in sha Allah. Ina cikin masu fita.

Malamar Bayoloji: Ni ma, da ɗalibai kaɗan in za a samu wuri. Madubin hangen nesa ɗaya gare mu, mai ƙari ya taimaka.

Baba Masunci: Kwalekwale ba matsala. Amma ku zo tun asuba, kafin iska ta tashi. Za mu bi ta gabas mu ba rana baya, in ba haka ba duk baƙi za ku gan su. Kuma a bar fararen kaya a gida.